Yadda Ake Gane Ƙaramar Shanyewar Ɓarin Jiki

Ana cikin hira, sai kofi ya suɓuce daga hannun mutum. Ya buɗe baki zai yi magana, harshe ya yi masa nauyi. Bayan minti biyar ya dawo garau, har yana dariya yana cewa gajiya ce kawai. Wannan shi ne ƙaramar shanyewar ɓarin jiki, wadda likitoci ke kira TIA: ɗan gudan jini ya toshe wata jijiya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sannan ya narke ko ya wuce kafin ya yi ɓarna mai ɗorewa. Yawanci ba ya kai awa guda, kuma galibi ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi.

Fara da fuska. Ce masa ya yi murmushi ko ya nuna haƙoransa. Idan gefe ɗaya na baki ya ɗaga, ɗayan kuma ya sauko kamar an ja shi ƙasa, ka ga alama ta farko.

Sai hannu. Ya miƙe hannayensa biyu gaba, tafuka suna kallon sama, ya rufe ido, kai kuma ka ƙirga zuwa goma. Hannun da ya raunana zai riƙa zamewa ƙasa a hankali, mai shi bai ma sani ba. Tambaye shi ko yana jin ɓari ɗaya ya mutu, hannu ko ƙafa ko kunci.

Na uku magana ce, kuma nan ake yawan ruɗewa. Ba shi gajeriyar jimla ya maimaita, kamar “yau gari ya yi sanyi”. Wani kalmomin za su fito a cakuɗe kamar na mai maye. Wani ya san abin da yake so ya faɗa amma kalmar ta ƙi zuwa, ko ya kira cokali da sunan wani abu dabam. Wani kuma zai zuba maka ido, ba ya gane abin da kake cewa.

Akwai alamun da wannan gwaji ba ya kamawa: ido ɗaya ya dushe farat ɗaya kamar an saki labule, ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ko jiri ya kwashe shi yana tangaɗi. Abin lura a dukkansu shi ne zuwansu kwatsam.

Da ka ga ko da guda ɗaya, dubi agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara. Likita zai tambaya, domin maganin narkar da gudan jini yawanci a cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi. Kira motar asibiti, ko ka kai shi sashen gaggawa da kanka. Kada shi ya tuƙa. Kada ka ba shi abinci ko ruwa, haɗiya na iya gagararsa ya shaƙe. Asfirin ma a bar shi sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, don in jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin zai yi.

To idan kafin a fita ya warware fa? A tafi duk da haka, a ranar. A ganina wannan ne mataki mafi wuya, don maras lafiyan da kansa zai ce a bari sai gobe. Amma haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a awa 48 na farko, musamman ga mai hawan jini, ciwon suga, shan taba, ko bugun zuciya maras tsari. A asibiti za a auna jini da suga, a yi hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI, a duba bugun zuciya da jijiyoyin wuya. Tafi da duk magungunan da yake sha, kuma wanda abin ya faru a gabansa ya bi shi, domin sau da yawa kafin likita ya iso babu sauran alamar da zai gani.