Kurakuran da ma'aikata ke yi wajen ba kansu maki

Idan aka miƙa wa ma'aikaci takardar da zai auna ƙwazonsa da kansa, abin da yakan fara lissafawa shi ne shekaru. "Shekara goma sha biyar ina nan, ban taɓa neman canji ba," sai ya zuba wa kansa 18 bisa 20. To, me ya zaunar da shi? A 1991 wasu masana biyu, Meyer da Allen, sun kasa riƙon wurin aiki gida uku: mai zama don ransa na son wurin, mai ganin amana ce aka ɗora masa, da wanda ya zauna don in ya bari ba shi da tudun dafawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna na farkon ne ya fi tafiya da aiki mai kyau. Na ƙarshen kuwa daɗewarsa ba ta shaida komai. Gyaran shi ne ka ajiye shekarun gefe, ka rubuta abin da ka kammala bana.

Wasu kuma kan haɗa son sana'a da son ma'aikata. Ungozomar da ke kwana kan mai naƙuda, amma jinkirin albashi ya ishe ta, sai ta huce a kan takarda ta rage wa kanta maki. Hajiya, fushin na ofis ne, aikinki bai yi laifi ba.

Wanda ya fi yawa a nan Damagaram, a ganina, shi ne ɗaukar zaman biro, wato ofis, a matsayin aiki. Mutum ya yi sammako daga Birni ko Zango a kan kabu-kabu, ya kai har bayan la'asar, ga gajiya ta gaske. Sai dai a tsakani an dafa shayi har zubi uku, an je gaisuwar rasuwa, takardun jiya suna nan yadda aka bar su. Ka sami ƙaramin littafi, kowace Juma'a ka rubuta takardu nawa suka fita, mutum nawa ka sallama, me ya maƙale kuma don me.

Mai kunya da ke cewa "ai yabon kai jahilci ne" shi ma littafin zai fisshe shi.

Shugabanni ma su lura: nazarin Harris da Schaubroeck na 1988 ya gano makin da mutum ke ba kansa bai cika dacewa da na shugabansa ba, makin da abokan aikinsa ke ba shi ne ya fi kusa da na shugaban. Kafin ka sa hannu, ka tambayi wanda ke karɓar aiki daga hannun ma'aikacin.