Matakan sayen laftof a ƙasar waje ba tare da rasa garanti ba

Kafin ka ciro ko sisi, nemi lambar samfurin kwamfutar, ba sunanta kawai ba, ka shiga shafin kamfanin ka duba ko garantinta zai yi aiki a ƙasar da kake zaune. Nan ne aka fi tafka asara. Lenovo na da garantin ƙasa da ƙasa, amma ba kowane samfuri ya shafa ba. Dell kuwa sai ka cike fom a shafinsu, ka mayar da rajistar kwamfutar zuwa ƙasarku da lambar da ke manne a ƙarƙashinta. Sannan ka bincika ko akwai wurin gyara da kamfanin ya amince da shi kusa da kai, domin garantin da sai an mayar da kaya ƙetare wahala ce zalla.

Daga nan sai lissafi: farashi, canjin kuɗi da kuɗin kwastan. In rarar kaɗan ce, ni dai a gida zan saya.

In ka yanke shawarar saya a can, kalli madannai da kyau. Jerin haruffan na Faransa da AZERTY suke farawa, na Jamus da QWERTZ, maimakon QWERTY da aka saba, za su riƙa rikita maka yatsu. Juya cajar, ka tabbatar an rubuta 100-240V, wato za ta ɗauki ƙarfin wutar lantarkin ƙasarku, ko da sai ka canza kan fulogi.

Kunna ta tun kana can, ka gwada allo, batir da kowace kafa. Ɗauki hoton rasit, ka adana na asalin. Ranar dawowa kuma sa ta a jakar hannu, kada ta bi manyan akwatuna.