Yadda Za Ka Sabunta Windows Ba Tare da Aikinka Ya Tsaya Ba

Duk mai shagon buga takardu a Katsina, musamman na kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua inda ɗalibai ke yin dafifi lokacin rajista, ya san takaicin kunna kwamfuta da safe ya tarar ta sabunta kanta, firinta kuma ta daina amsawa, ga mutane tsaye suna jira. Kamfanin Microsoft yana sakin gyare-gyaren Windows ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma ba kullum suke fitowa lafiya ba. A watan Oktoba na 2018 sai da ya janye wani babban sabuntawa na Windows 10 bayan ya goge wa wasu mutane fayilolinsu.

Don haka kada ka yi gaggawar zama na farko. Ka shiga Settings, ka buɗe Windows Update, ka dakatar da sabuntawar. Ana ba da dama har zuwa kwana 35, amma mako ɗaya ko biyu ya isa a ji labarin waɗanda suka riga ka, kamfanin kuma ya gyara abin da ya ɓaci. Mai amfani da datar waya ya kunna Metered connection, domin kada kwamfuta ta cinye masa kuɗin data bai sani ba.

Ranar da ka shirya, ka fara kwafe muhimman takardu zuwa filashi. Sannan ka dubi wuta, domin a ganina ita ce babbar matsalarmu a nan, fiye da kuskuren kamfanin ma. Kwamfutar tebur da aka ɗauke wa wuta tana tsakiyar sauya fayilolinta tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, shi ya sa ya fi kyau a yi aikin da janareta mai isasshen mai ko da sola, bayan an rufe shago. Idan laftof ce, a cika batirinta tukuna. Ko da ka ga lambar da ke nuna ci gaban sabuntawar ta tsaya cak, ka yi haƙuri, kada ka taɓa maɓallin kashewa.

Idan duk da haka matsala ta ɓullo, ka je Update history, ka zaɓi Uninstall updates, ka cire na baya-bayan nan. Babban sabuntawa kuwa ana iya komawa bayansa ta sashen Recovery, amma cikin kwana 10 kacal. Kwamfutar da ta ƙi tashi, a kashe ta da maɓalli tana cikin farawa sau uku a jere, shafin gyara zai fito da kansa.

Masu tsofaffin kwamfutoci su lura cewa tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, saboda haka a tambayi mai gyara ya duba kafin a fara sauya ta.