In ɗan wasa ya faɗi a filin unguwa: kurakuran da ake yawan yi

Ranar 12 ga Agusta 1989 ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana karawa da Angola, bai kuma tashi ba. A 2021 irin haka ta sami Christian Eriksen na Denmark, amma shi ya rayu har ya koma taka leda, domin nan take aka fara danna masa ƙirji, aka kuma sa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Mu a filin unguwa ba likita ba motar asibiti, 'yan wasa da 'yan kallo su ne masu ceto.

Babban kuskurenmu shi ne ɗaukar kowace faɗuwa a matsayin suma. Sai a yi cincirindo a kansa, wannan na fifita da riga, wancan na ɗura masa fiya wata, wani ya cusa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe. Harshe ba ya haɗiyuwa, ruwan da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa yana iya bin hanyar huhu. Wanda ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, a fara zargin zuciya. A kira sunansa, a duba numfashi. In babu, ko yana fizgarsa jefi-jefi kamar mai gargara, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo mota, masu dannawa su riƙa karɓar juna. Tsoron karya haƙarƙari kada ya hana, haƙarƙari na warkewa. In yana numfashi daidai, a juya shi ya kwanta ta gefe.

Wani kuskuren kuma shi ne ciccibar wanda ya bugu a kai ko wuya, biyu a hannu biyu a ƙafa, kai na reto. In ƙashin wuya ya taɓu, wannan ɗaukar ce za ta iya shanye masa jiki. A tallafe kan yadda yake har a sami abin ɗauka mai tauri. Wanda kuma ya ga jiri ko ya rikice bayan karo, a ƙwallo ne ko a dambe, wasansa na ranar ya ƙare, ko da ya rantse garau yake.

Targaɗe ba ya son a ja ƙafa, ba ya son gashi da ruwan zafi da man zafi a ranar farko. Ƙanƙara a cikin ƙyalle, kamar minti 20, a ɗaga ƙafar. In ya kasa takawa ko gaɓar ta karkace, a ɗaure ta da kara ko katako yadda take, a je a ɗauki hoto kafin a yi maganar mai ɗori.

Mai haɓo ya sunkuyar da kai gaba, ba baya ba, ya matse taushin hanci minti 10. Ciwo mai jini kuwa ba a zuba masa ƙasa ko toka: a danne da ƙyalle mai tsabta, a wanke, a tambayi allurar tetanus.

Danna ƙirji dai da hannu ake koyonsa, karatu kaɗai bai isa ba. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana ba da horon taimakon gaggawa, kuma kulob ɗin da ke iya haɗa kuɗin jesi zai iya tura mutum biyu, koci da kyaftin.