Yadda za ka ci gaba da hawa keke a lokacin hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, kekuna da yawa a Katsina da Daura a zaure suke wuni, a zaure suke kwana. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da dama suka kakkaɓe tsofaffin Raleigh da Phoenix suka koma kansu, wasu don aljihu, wasu don likita ya ce su rage tumbi. Ana cikin haka sai iskar gabas ta kaɗo, a jingine keke da sunan "sai sanyi ya ɗan yi sauƙi". Kafin ya yi sauƙin taya ta sace, sarƙa ta bushe, bazara ta shigo da nata uzurin.

A ƙasashe irin su Holan da Denmak sanyi da ruwa tare suke zuwa, kuma a garin Oulu na ƙasar Finlan a kan dusar ƙanƙara yara ke tuƙa keke zuwa makaranta. Mu nan Allah Ya raba mana su. Sanyinmu busasshe ne mai ƙura, ruwa kuma yana da nasa watannin, daga Yuni zuwa Satumba. Ga yadda za ka bi da su.

Mataki na 1: Gama shiri tun da dare

Kada ka bar wa safiya shawarar fita ko rashin fita. Wanda ke cikin bargo da ƙarfe 5 na asuba a watan Janairu ba shi da adalci, duk shari'ar da ya yanke bargo zai ba gaskiya. Bayan sallar isha'i ka matsa tayoyi da yatsa, ka ba su iska idan sun yi laushi, ka gwada birki, ka juya kan keken ya fuskanci ƙofa. Kayan da za ka sa ka tara su wuri ɗaya kusa da shimfiɗa, har da safa. Neman safar hannu ɗaya a cikin duhu ya isa ya rusa fitar gaba ɗaya.

Mataki na 2: Tsare tsakanin asuba da fitowar rana

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Ka riga ka tashi, ka taɓa ruwa ka yi alwala, ka taka zuwa masallaci cikin ɗari ka dawo. Mafi wuyar aikin ka gama shi. Matsalar ita ce a Disamba da Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7 saura, ga shi kuma bai kamata ka hau titi cikin duhu da hazo ba. Wannan 'yar sa'a guda da ke tsakani ita ce tarkon. Ka ce bari ka ɗan kishingiɗa, sai ka farka ka ji yara na shirin makaranta.

Dabarar ita ce kada ka koma ɗakin da ka kwana. Sa kayan hawan tun kafin ka tafi masallaci, ka ɗora jallabiya a kai. Idan ka dawo ka zauna a zaure ko falo, ka yi azkar ɗinka ko karatu, ka sha shayi mai citta da kanumfari, ko ka aika a karɓo koko da ƙosai kaɗan. Kada ka cika ciki. Da gari ya waye har kana iya gane fuskar mutum daga nesa, ka tura keke waje. Da sanyin safiya ake kama fara, amma ba a ce cikin duhu ba.

In aikinka bai ba ka damar safiya ba, bayan la'asar ma lokaci ne, kuma ya fi ɗumi. Sai dai ka tsayar da lokaci guda. Wanda ya ce "duk sanda na samu sarari" ba ya samu.

Mataki na 3: Yi wa kanka alkawarin minti 10 kawai

Kada ka ce za ka je Batagarawa ka dawo. Ka ce za ka tuƙa minti 10, in har bayan nan jikinka bai karɓa ba ka juya gida, ba laifi. Sanyin da ke firgita mutum na farkon tafiya ne, kafin jini ya zagaya. Da cinyoyi sun fara aiki jiki ke haɗa nasa zafin, kuma da wuya wanda ya kai minti 10 ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Rabin sa'a sau 5 ke nan. Wanda ke zuwa aiki ko kasuwa a keke ya cika wannan ba tare da ya ƙirga ba.

Mataki na 4: Sa kaya don tafiya, ba don tsayuwa ba

Da asubar Janairu ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 15 a wannan yanki, kuma iskar da kake ketawa a kan keke tana ƙara masa kaifi. Duk da haka babbar rigar sanyi mai kauri, irin ta masu gadi, ba ta hawan keke ba ce. Za ka yi gumi a ciki, gumin ya jiƙa singileti, kana tsayawa ya huce a jikinka, mura ta samu ƙofa. Gara riguna marasa nauyi guda 2 ko 3: ta ciki irin ta 'yan ƙwallo wadda ba ta riƙe gumi, suwaita a tsakiya, sai 'yar jaket mai zif da ke tare iska. In ka ji zafi ka zuge zif, in ya ƙaru ka cire suwaita ka ɗaure a kariya. Duk ana samunsu a wurin 'yan gwanjo. Ƙa'idar ita ce idan ka fito ƙofar gida kana jin ɗumi sosai, kayan sun yi yawa.

Inda sanyi ya fi cizo shi ne yatsu, kunnuwa da ƙirji. Safar hannu dole ce, don yatsan da ya sandare ba ya kama birki da sauri. Hular sanyi ta rufe kunne. In ba ka da jaket, ninka tsohuwar jarida ka cusa ta tsakanin riga da ƙirji. Tsohuwar dabarar 'yan tseren keke ce, kuma tana aiki. Ƙafar wandon dama ka cusa ta cikin safa kada sarƙa ta cafke ta. Kafin ka fita ka shafa man kaɗe ko basilin a leɓe, bayan hannu da dunduniya, in ba haka ba kaushi da faso su za su sauke ka daga keken, ba sanyi ba.

Sai ƙura. Hazon da ke rufe mana sama daga Sahara yake tasowa, mai yawansa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma mai tuƙa keke ya fi mai tafiya a ƙasa shaƙarsa domin numfashinsa ya fi zurfi. Sa takunkumi, ko ka naɗe hanci da baki da ƙyalle, ka sa tabarau. Ka riƙe gorar ruwa. Iskar hunturu na busar da jiki ba tare da ka ji ƙishirwa ba.

Mataki na 5: Fara da fuskantar iska

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma takan ƙara ƙarfi idan hantsi ya ɗaga. Saboda haka in motsa jiki ka fito, ka tunkare ta tun kana da ƙarfi, ta turo ka gida a dawowa. A Katsina, wanda ya nufi hanyar Daura ya juyo zai dawo cikin sauƙi. Wanda ya miƙa hanyar Dutsinma, wajen Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, zai ji keke na gudu da kansa a tafiya, a dawowa kuwa ya gane kurensa. A Daura hanyar Zango ita ce ta farawa. Ranar da iska ta yi yawa ka tsaya cikin gari inda gine-gine ke kare ka: a Katsina zagayen ƙofofi, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, ka ɓullo ta wajen Gobarau, ya wadatar.

Kada neman nisa ya kai ka hanyar daji kai kaɗai da sassafe. Kowa ya san halin tsaro a wasu sassan jihar. Ka sa fitila gaba da baya ko da gari ya waye, da riga mai haske, domin a cikin hazo mai mota ba ya hango keke sai ya zo dab.

Mataki na 6: Nemi wanda zai ji haushinka

Mutum na iya saɓa wa kansa alkawari kullum bai ji komai ba, amma da wuya ya bar aboki tsaye a bakin titi cikin ɗari. Mutum ɗaya ya isa. Ku tsayar da wurin haɗuwa, zai fi kyau teburin mai shayi, ku sa doka: wanda ya makara ko ya ƙi fitowa shi ke biyan shayi da burodi. Saƙon "Malam, ga ni a bakin layi" ya fi kowace ƙararrawar waya tayar da mutum. Ni ban cika yarda da manyan rukunonin WhatsApp ba a wannan harka. Mutum 40 kowa na turo hoton keke, ranar fita a ga mutum 3.

In kai kaɗai ne, rataye kalanda ka riƙa yin maki a duk ranar da ka fita. Kuɗin Keke Napep ko na man babur da ka tsira da shi a ranar ka jefa a asusu. Idan ka fasa kwana ɗaya ba komai, amma kada ka bari su zama biyu a jere.

Mataki na 7: Kada keken ya ba ka uzuri

Keken da ke ƙara yana cije feda yana kashe zuciya. A hunturu kuskuren da aka fi yi shi ne tsiyaya wa sarƙa baƙin mai har yana ɗiga. Ƙura na manne masa ta zama ƙullun yashi mai cin haƙoran sarƙa. Wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, bari ta bushe, ɗiga mai kaɗan, sannan ka goge na saman da tsumma. Sau ɗaya a mako ya isa. Rani kuma lokacin ƙaya ne, tsidau da ƙayar aduwa na nan a gefen hanya, don haka ka riƙe famfo da kayan faci, ko ka san inda mai faci yake a hanyarka.

Mataki na 8: San ranar da za ka haƙura

Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka ganin ƙarshen layinku, zauna gida. Haka in kana zazzaɓi ko tari ya sauka ƙirji. Mai asma da mai sikila su nemi shawarar likita tukuna, domin ƙura da sanyi na tayar da ciwukan nan biyu. Azumi ma yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu ya fara shigowa cikin sanyi. Mai azumi ya mai da hawansa gab da shan ruwa, ya rage nisa.

Idan damina ta zo

Shirin dare, alkawarin minti 10 da aboki duk suna nan, kaya ne ke canjawa. Ruwanmu yawanci da hadari yake zuwa, ana ganinsa tun daga gabas, sai dai a markar Agusta da yayyafi kan wuni. Ajiye rigar ruwa a kariya, waya da kayan canji a cikin leda. Da ka ji tsawa ka sauka ka shiga gini, ba gindin bishiya ba. Kada ka keta ruwan da ya rufe titi, ba ka san inda kwata ta buɗe baki ba. Birkin roba ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe nan take, musamman a tsofaffin kekuna, don haka ka fara matsa shi tun da nisa. In ka isa gida ka watsa wa keken ruwa taɓo ya fita, ka goge sarƙa ta bushe, ka ɗiga mata mai a daren, kafin tsatsa ta kama ta.