Yadda ake haɗa iyayen yara masu ciwon dajin hanta da masu bincike a zama ɗaya

Ciwon dajin hanta ba ya yawa a jikin yara, domin nau'in da ya fi kama ƙanana, wanda likitoci ke kira hefatobilastoma, yaro ɗaya ko biyu kawai yake samu cikin miliyan a shekara. Saboda haka uwar da ɗanta ya kamu a Garwa ko Marwa tana iya gama jinyarta kaf ba ta taɓa ganin wata mai irin damuwarta ba, shi ma likita yana iya shekaru bai ga fiye da 'yan ƙalilan ba. Wannan ƙarancin ne ya sa likitocin Turai suka haɗa kai a ƙungiyar SIOPEL, suka fara tattara bayanan yara daga ƙasashe da yawa tun wajen 1990. Mu ma a arewacin Kamaru muna iya yin namu daidai ƙarfinmu, wato mu zaunar da iyaye da masu bincike a inuwa ɗaya, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya sani.

Kafin mai shirya zaman ya gayyaci kowa, wajibi ne ya bambance cututtuka biyu da ake kira da suna ɗaya. Hefatobilastoma ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ba abinci ne ke kawo ta ba, ba kuma sakacin uwa ba ne, sai dai an lura ta fi samun bakwaini da waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sosai. Ɗaya nau'in kuwa, wanda ya fi kama manyan yara da matasa, yana da alaƙa da ƙwayar cutar hanta nau'in B da jariri ke iya ɗauka daga mahaifiyarsa, da kuma gubar afulatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Idan aka cakuɗa biyun a gaban jama'a, wata baiwar Allah za ta koma gida tana zargin kunun gyaɗar da ta dama wa ɗanta ɗan shekara biyu, alhali ba ta da laifin komai.

Neman iyalan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma ta hannun ma'aikatan lafiya ake bi. Ba a karɓar jerin sunayen marasa lafiya daga asibiti. Abin da ya dace shi ne likita ko ma'aikaciyar jinyar da ta san gidan ta fara tambayarsu ko suna so a tuntuɓe su. Yara da dama daga arewa ana tura su Yawunde, inda Cibiyar Uwa da Yaro ta Gidauniyar Chantal Biya ke da sashen ciwon dajin yara, don haka ma'aikatan can sun san iyalan da suka hau jirgin ƙasa daga Ngaundere suka kwana a hanya da yaro a cinya. Masu bincike kuma ana iya neman su ta tsangayar koyon likitanci da ke Garwa, da reshen Cibiyar Pasteur, mai gwaje-gwaje da binciken cututtuka, da ke garin, da ƙungiyar GFAOP wadda tun 2000 take haɗa likitocin dajin yara na Faransa da na ƙasashen Afirka. A ra'ayina, kuskure ne babba a gayyaci waɗanda 'ya'yansu suka warke kaɗai. A je har gida a gaishe da waɗanda suka yi rashi, da waɗanda kuɗi ya ƙare musu suka dawo da yaro magani bai kammala ba, domin labarinsu ne ba ya shiga takardun asibiti, kuma shi ne masu bincike suka fi rasa.

Tsakiyar Fabrairu ta fi dacewa, tun da an gama girbi, hanyoyi sun bushe, zafin Maris da Afrilu bai sauko ba, ga shi 15 ga watan ita ce ranar tunawa da ciwon dajin yara ta duniya; a duba dai kada ranar ta faɗo cikin azumi. A nemi wuri a wajen asibiti, a ba kowane gida kuɗin mota tun kafin su taso. Yaron da ke tsakiyar shan maganin daji garkuwar jikinsa ta yi rauni, saboda haka kada a kawo shi cikin taro sai likitansa ya amince.

Batun harshe ya cancanci a ba shi yini guda. Yawancin likitocinmu da Faransanci suka yi karatu, iyaye kuma wasu Hausa suke ji, wasu Fulatanci, kuma ba duk mai jin harsuna biyu ne ya iya tafinta ba. A zaunar da tafintoci da likita ana gobe taro, su tsayar da kalmar da za a kira kowane abu da ita, kada wannan ya ce sankara, wancan ya ce ƙari, na uku ya ce shawara, alhali a kunnen tsohuwa shawara ciwo ne da ake sha wa saiwa a warke. Haka nan a yarda a kan yadda za a faɗi cewa wani yaro ba zai tashi ba, domin akwai tafintan da tausayi ke sa su sassauta magana har ta canja ma'ana.

A wani ɗan zama da na taɓa shiryawa, na jera wa likitoci kujeru a bayan teburi, na ba su magana da farko, sai aka shafe awa biyu ana haska hotunan hanta a bango, mata suna zaune a baya ba wadda ta ce uffan. Sai da aka tashi salla na ga wata dattijuwa ta kwance baƙar leda, ta fito da takardun jikanta a ninke, har da hoton cikin da ake kira eko wanda ya fara gogewa, tana nuna wa wata uwa inda lambobin gwajin yaron suka yi ta sauka. Tun daga ranar na gane cewa iyaye ne ya kamata su fara. A shimfiɗa tabarmi, likitoci su zauna daidai da kowa, a ware wa mata zamansu da mace mai jagora, domin da yawa ba za su yi magana a gaban surukai ba. Mai jagora ya tambaya a hankali: “Inna, yaushe kuka fara ganin cikin ya kumbura, kuma ina kuka fara kai shi?” Idan amsar ita ce wajen wanzami aka fara zuwa aka yi tsaga, kada kowa ya yi tsaki, domin yawan watannin da suka wuce kafin a isa asibiti yana cikin abubuwan da ake son sani.

Bayan haka masu bincike su amsa, kuma a roƙe su su tsaya a kan abin da iyaye ke gani a takardunsu. Su bayyana gwajin jini na AFP, wanda yakan hau sosai a yawancin masu hefatobilastoma, ya sauka idan magani yana ci. Su bayyana dalilin da ya sa ake fara ba da magani ta jijiya don ƙarin ya motse kafin a yi tiyata, su kuma faɗi gaskiya cewa maganin sisfilatin yana iya taɓa ji. Binciken SIOPEL na shida da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa ba da wani magani mai suna sodiyam tayosalfet bayan sisfilatin ya rage matsalar ji daga kashi 63 zuwa kashi 33 cikin ɗari, don haka iyaye suna da hujjar tambaya ko ana auna jin 'ya'yansu, ko kuma ana samun wannan kariya. Haka nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 80 na yara masu ciwon daji suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma tun 2018 ta sa burin kaiwa kashi 60 nan da 2030. A faɗi waɗannan alkaluma yadda suke, amma kada a yi wa kowa alkawarin fita waje ko dashen hanta. Wanda ke son a duba takardun ɗansa a keɓe masa ɗaki.

Ba a ɗibar jini ko cike takardar bincike a wurin taron, sai in kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, an kuma karanta wa iyaye takardar yarda da harshensu, an tabbatar musu cewa ƙin shiga ba zai taɓa jinyar ɗansu ba. Hoton yaro kuma ba a ɗauka, balle a watsa shi a WhatsApp don neman taimako, sai da izinin uwa da uba.

Kafin a watse, a zaɓi mutum biyu daga iyaye, mace da namiji, su riƙe littafin tambayoyin da ba a amsa ba, masu bincike kuma su faɗi sunan wanda zai dawo da amsa da watan da zai dawo. Amsar ta zo da murya cikin Hausa da Fulatanci, domin ba kowa ke karatun boko ba, kuma a haɗa da tunatarwa ga masu juna biyu su yi gwajin cutar hanta nau'in B, su nemi a yi wa jariri allurar rigakafinta cikin awa 24 da haihuwa.