Gidan Ajiya na Hukuma ko Ƙungiyar Ceto: Ina Za Ka Ɗauko Karenka?

Idan ka yanke shawarar ɗaukar karen da ba shi da gida maimakon sayen kwikwiyo a hannun mai kiwo, ƙofofi biyu ne a gabanka. Akwai gidan ajiya na ƙaramar hukuma, inda ake kai karnukan da aka tsinta suna gararamba a titi. Akwai kuma ƙungiyoyin ceto masu zaman kansu, waɗanda da gudummawar jama'a suke tafiya. Na ɗauki kare ta kowace ƙofa, kuma nakan taya wata ƙaramar ƙungiya fitar da karnukanta yawo a ƙarshen mako, don haka ina da ra'ayi kuma ba zan ɓoye shi ba. Karnukan dai kusan iri ɗaya ne. Inda aka rabu shi ne yawan abin da za a gaya maka game da karen kafin ka sa hannu, da kuma wanda zai ɗaga wayarka idan al'amari ya rikice bayan wata guda.

Bari mu fara da gidan hukuma, domin shi ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. Doka ce ta kafa shi, kuma aikinsa na farko shi ne riƙe karen da ya ɓata har mai shi ya zo. A Ingila da Wales kwana bakwai doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma ta riƙe karen tsintuwa, a Jamhuriyar Ireland kwana biyar, a Amurka kuwa kowace jiha da nata wa'adin. Idan kwanakin suka cika ba wanda ya zo, hukuma tana da damar ba wa wani, ko ta miƙa wa ƙungiya, ko ta sa a kashe shi da allura. Tun daga watan Afrilun 2016 ya zama dole a Ingila da Scotland da Wales kowane kare ya kasance da 'yar na'urar shaida da ake sa masa a ƙarƙashin fata, wadda ba ta wuce ƙwayar shinkafa girma ba. Ta taimaka ƙwarai wajen mayar da karnuka ga masu su, amma sau da yawa sai a karanta lambar a tarar mai karen ya sauya gida da waya bai sabunta bayanansa ba. Irin waɗannan, da waɗanda aka yasar da gangan, su ne za ka gani a bayan wayar keji suna kallonka.

Ma'aikatan wurin ba mugaye ba ne, galibinsu ma masu son dabbobi ne, sai dai ba su san karen ba. Mako ɗaya ya yi a hannunsu, a cikin ɗakin siminti, ga haushin 'yan uwansa dare da rana. Takardar da ke manne a ƙofarsa za ta ce namiji ne, shekarunsa kamar uku, an tsince shi a titi kaza. Shekarun ma daga haƙora aka kimanta. Jinsin da aka rubuta kuwa da ido aka hasko shi, kuma ido yana yawan kuskure a kan kare mai gaurayen jini. Ko ya taɓa zama da yara, ko yana bin kyanwa, ko yana yayyaga kujera idan an bar shi shi kaɗai, babu mai iya gaya maka. Cinikin biri a sama ke nan, kuma gara ka shiga da sanin haka.

Abin da za ka samu a madadin shi ne sauri da sauƙi. Kuɗin da ake karɓa yawanci bai kai na ƙungiya ba, tambayoyin ba su da yawa, wani lokaci ma a ranar za ka tafi da shi. Amma kada arhar ta ruɗe ka. Ka tambaya ko an yi masa allurar rigakafi, ko an ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska, ko an yi masa fiɗiya idan namiji ne, ko aikin hana haihuwa idan karya ce. Wasu gidajen suna yin duka, wasu ba sa yin ko ɗaya. Duk abin da ba a yi ba yana jiranka a wurin likitan dabbobi, kuma idan ka haɗa lissafi sai ka ga ratar da ke tsakanin kuɗin biyu ta tsuke, ko ma ta juye.

Ƙungiyoyin ceto kuwa suna suka tara. Akwai manya masu dogon tarihi, irin su Battersea da Mary Tealby ta kafa a Landan a 1860, da Dogs Trust da aka kafa a 1891, wadda ta yi suna da alkawarin ba za ta kashe lafiyayyen kare ba, da ASPCA ta Amurka tun 1866. Akwai kuma ƙananan da ba su da gini ko ɗaya, mutum biyar ko goma ne kawai suke rarraba karnuka a gidajensu suna riƙo har a sami mai ɗauka. Akwai waɗanda jinsi ɗaya suka sa a gaba, misali karnukan tsere da suka gama aiki.

Ni na fi amincewa da karen da ya fito daga gidan riƙo, kuma ga dalilina. Matar da ta riƙe karyata kafin ta zo hannuna ta gaya mini abubuwan da babu takardar da za ta ɗauka: tana tsoron maza masu hula, tana yin amai a mota idan an ba ta abinci kafin tafiya, ba ta damu da kyanwa ba amma ba ta yarda wani kare ya matso kwanonta. Duk haka na tarar. Namijin da na ɗauko daga gidan hukuma kuwa, a can shiru-shiru ne, kansa a ƙasa, ko haushi ba ya yi. Da ya huta ya ƙoshi sai ainihinsa ya fito, kare ne mai ƙarfi da son gudu, wanda katangar da ba ta kai kafaɗar mutum ba wasa ce a wurinsa. Ya zama abokin kirki, amma da ina da ƙananan yara ko tsoho a gida a lokacin, da an sha wahala. Karen da ka gani a keji sau da yawa tsoro ne ya danne halinsa, ko ya kumbura shi. Mai tsalle da ihu yana iya zama mai sanyin hali a gida, mai lafewa a lungu kuma ya zama ɗan ƙiriniya.

Farashin wannan sani shi ne haƙuri da kutse. Ƙungiya za ta ba ka takardar tambayoyi mai tsawo. Awa nawa karen zai zauna shi kaɗai? Gidan naka ne ko haya, in haya ne mai gidan ya yarda a rubuce? Shekarun yara nawa? Ina tsawon katanga? Da yawa za su aiko mutum ya duba gidan, ko a zagaya da su ta bidiyo. Suna iya hana ka karen da ranka ya kwanta da shi su nuna maka wani, suna iya hana ka gaba ɗaya. Wani lokaci suna wuce gona da iri, na yarda. Na ga an mayar da mutanen kirki saboda ba su da fili a bayan gida, alhali mai fita da kare sau biyu a rana ya fi mai fili da ba ya fita. Idan haka ta same ka, kada ka yi fushi ka tafi wurin masu talla a intanet. Gwada wata ƙungiyar, domin sharuɗɗansu ba ɗaya ba ne, ƙananan ma sukan fi sauraren bayani.

To yaya za ka zaɓa? Ka dubi gidanka kafin ka dubi idon kare. Idan wannan ne karenka na farko, ko kana da yara ƙanana, ko kyanwa, ko wani karen da ya tsufa, ko kana zaune a bene mai maƙwabta ta kowane ɓangare, nufi ƙungiya, ka kuma nemi wanda ya zauna a gidan riƙo. Idan ka saba da karnuka, kana iya karanta kunne da wutsiya da taurin jiki, kana da ɗakin da za ka keɓe shi, kana da abin biyan likita da mai horo idan ta kama, to gidan hukuma ya dace da kai, kuma irinka suke nema.

Akwai maganar da ke sa mutane kuskure, wato tausayi. Sai ka ji an ce na ƙungiya ya riga ya tsira, na gidan hukuma ne ke bakin mutuwa, don haka shi ya kamata a ɗauka. Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Ƙungiyoyi da yawa daga gidajen hukuma suke kwaso karnukansu, kuma ba sa iya kwasowa sai in suna da gurbi. Ranar da ka ɗauki ɗaya daga hannunsu, gurbin ya buɗe wa wani da wa'adinsa ya kusa cika. Karen da aka ɗauka don tausayi aka mayar bayan mako uku saboda ya ciji yaro kuwa, ya koma da tabon da zai hana kowa ɗaukarsa.

Ko ta ina ka bi, kada ka yanke hukunci ta cikin wayar keji. Ka ce a fito da shi fili, ka yi tafiya da shi a igiya, ka ga yadda yake idan wani kare ya gifta ko mota ta wuce. Ka jefa masa ɗan abinci ka ga ko zai karɓa, domin karen da tsoro ya cika ba ya ci. Ka tafi da duk mutanen gidan, in kana da kare ka nemi a haɗa su a wurin da ba na kowa ba. Ka tambayi dalilin da ya sa yake nan, ka tambaya kai tsaye ko ya taɓa cizo. Wanda ya ce maka karen ba shi da aibi ko ɗaya, ko dai bai san shi ba ko yana son rabuwa da shi.

Batun lafiya ya fi tsanani ga na gidan hukuma, domin cunkoso uwar cuta ce. Tarin da karnuka ke ɗauka a keji yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana, yana iya kaiwa mako biyu. Cutar parvo ta fi muni, tana zuwa da amai da gudawa mai jini, tana kashe kwiyakwiyai cikin 'yan kwanaki, kuma ƙwayarta tana rayuwa watanni a ƙasa. Saboda haka ka kai shi likita a kwanakin farko, ka kuma raba shi da sauran dabbobin gida na mako biyu. Idan ƙungiyar daga wata ƙasa take shigo da karnuka, kamar yadda ake kawo su Birtaniya daga Romaniya, ka nemi sakamakon gwajin jini a rubuce, musamman na cutar Brucella canis, wadda take iya kama mutum.

A nan ne zan ja kunnenka game da masu fakewa da sunan ceto. Buɗe shafi a Facebook da hoton kare mai ban tausayi ba shi da wuya. Ƙungiyar da kullum kwiyakwiyai masu tsada take da su, ba ta tambaye ka komai ba sai kuɗi, tana so ku haɗu a wurin ajiye motoci, wannan kasuwanci take yi. A Ingila da Wales kana iya duba lambar rajistar ƙungiya a wurin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji. Ka kuma san dokar jinsin karnuka ta inda kake, domin tun ƙarshen 2023 haramun ne a sayar ko a bayar da kare jinsin XL Bully a Ingila da Wales.

Kafin ka sa hannu, karanta sashen da ya yi maganar mayarwa. Ƙungiyar kirki tana rubuta cewa idan ka kasa riƙe karen, ko bayan shekara nawa ne, wurinta za ka dawo da shi, wasu kuma suna da mai horo da za ka kira kyauta a watannin farko. Gidan hukuma da wuya ya yi maka wannan alkawari, don haka idan can ka nufa, nemi lambar mai horo da ta likita tun kafin ranar ɗauko shi, ka kuma tabbata an mayar da bayanan na'urar shaidarsa zuwa sunanka da lambar wayarka ta yanzu.